Gawar Da Ta Iya Ɗaga Gwiwa

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki na sashen gashin ƙashi. Mu nan kowa ƙalau. Maman yara tana gaishe ki. Kawu yana cin abinci, yana shan magani ba gardama, sai dai maganar har yanzu a ɗaure take fitowa, shi ya sa ya ƙi karɓar waya. Kin san mahaifinki. Mutumin da ya shekara talatin yana raba wasiƙu a ƙafa, in ba takarda ya riƙe a hannu ba, a wurinsa ba a yi magana ba.

Takardun motsa jikin da kika aiko sun iso, shafi goma sha biyu, kowanne da zanen ɗan mutum yana ɗaga ƙafa. Na liƙa su a bangon falo kamar yadda kika ce. Ba zan yi miki ƙarya ba, ko kallonsu bai yi ba. Wata biyar ke nan tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, daga gado sai kujera, fuska na kallon bango.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Rufin shagona ya soma yoyo, sai na kwaso talabijin ɗin mutane na jibge a falon Kawu, nan nake aikina yanzu. Ranar Talata da yamma ina gwada wata na'urar faifai da aka kawo gyara, ashe akwai faifai maƙale a cikinta. Ina haɗa waya sai ga fim ya fito, irin na ban tsoron nan da matattu ke tashi suna bin mutane, wai zombi ake ce musu. Suna tafe suna jan ƙafa ɗaya, hannu a sandare, baki a karkace. Na ce shi ke nan, Kawu zai ɗauka da shi nake. Na yi wuf zan kashe, sai na ji wani irin sauti a bayana, na zaci shaƙewa ya yi.

Auta, dariya yake yi! Har da hawaye. Wata gawa ce cikin kayan ofis take bin wani ƙato, ƙaton ya tsaya ya ɗaure igiyar takalmi, ya sha ruwa, ya duba agogo, gawar ba ta iso ba. Kawu ya nuna ta da hannun hagu, ya yi ta fama da harshe har ya fitar da kalma biyu: "'Yan ƙungiyarmu."

Mun kalle shi har ƙarshe. Washegari ya nuna a sake sa masa. Na ce dole ki ji wannan.

Yayanki,
Mai Gyara

Zuwa ga Yaya Injiniya,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ina lafiya, sai ciwon ƙafa na tsayuwa. A gaida Maman yara. Ka gaishe min da Baba, ka ce ina yi masa addu'a kullum.

Ya yi dariya, ka ce? To, madalla. Sati uku na yi a gefen gadonsa kafin hutuna ya ƙare in dawo aiki. Na yi masa hira, na yi masa waƙa, na kwaikwayi shugabar sashenmu har sai da matar da ke gadon kusa ta riƙe ciki. Baba ko haƙori bai nuna min ba. Ashe gawa yake jira.

Kuma abin mamaki, wai fim! Kai ba ka tuna ba, lokacin kana gidanku wajen Gwaggo. Ina 'yar shekara tara ya dawo daga aiki ya tarar na laɓe a tagar maƙwabta ina kallon fim. Na hango shi na zuba a guje. Wa ya ce min ana tsere wa mai raba wasiƙu? Ko gudu bai yi ba, tafiyarsa kawai ya yi, kafin kwanar layi ya cafke min kunnen hagu, haka muka taho har gida. Ya ce kallo ɓata lokaci ne. Yau shi ne zaune da kai kuna kallon matattu.

Ba komai. Amma dariya ba ta ɗaga ƙafa, Yaya. Ka mai da hankali ga shafi na huɗu: ya ɗaga gwiwa, ya sauke diddige tukuna, sannan yatsu. Sau goma safe, sau goma yamma. Kwana uku na yi ina zana takardun nan da hannuna bayan na tashi daga aiki.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga babbar Likita,

Sannu da aiki. Muna lafiya, Kawu ma jikinsa da sauƙi sosai, har kumatu ya soma yi. Ya karɓi wasiƙarki ya auna ta a tafin hannu yadda ya saba, sannan ya miƙo min in karanta. Da na zo wurin kunnen hagu ya gyaɗa kai, alamar ya tuna.

Riƙe kujerarki da kyau. Kawu ya taka!

Ga yadda aka yi. Na samo faifai shida wurin wani abokin cinikina mai son irin wannan kallo. Ni kaina da farko don Kawu nake zama, yanzu kuwa ni ke fara neman rimot. Abin yana da wani daɗi da ban san yadda zan kwatanta miki ba. Za a yi shiru, kiɗa ya yi ƙasa, ka ƙanƙame hannun kujera, gawa ta faɗo daga cikin firji, ka yi ihu, sai kuma ta zame a kan bawon ayaba, ihun ya koma dariya kafin ka rufe baki. In an gama sai ka ji jikinka sakayau.

To ranar Asabar na tashi zan ɗauko sukundireba a kan tebur, sai na ji gurnani a bayana. Na waiga. Kawu ne a tsaye, ya miƙo hannun hagu, ya karkatar da kai, yana jan ƙafa yana nufo ni. Na kwarma ihu na ce wayyo gawa! Na ja baya, ya biyo ni. Taki huɗu ya yi ya faɗa kan doguwar kujera yana dariya. Jiya taki bakwai. Yanzu kullum da yamma sai an yi, ni ne abincinsa.

Wani tsoho ya zo karɓar rediyonsa ya tarar da mu a haka. Ya ce wa Kawu, "Wannan ɗanka ne?" Kawu ya dafa kafaɗata ya gyaɗa kai. Wallahi sai da na fita waje na share ido.

Af, takardunki biyu sun ɓalle daga bango, gam ɗin ba shi da kyau. Na ninke su na cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin talabijin, dama yana rawa in Kawu ya dafa. Yanzu ya zauna daram, kin ga sun yi amfani.

Yayanki,
Mai Gyara

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya.

Ba da wasa na zo ba yau, kuma ba a matsayin ƙanwarka nake rubutu ba, a matsayin wadda ta karanci wannan ciwo take kuma aiki a kansa kowace rana. Mutumin da hawan jini ya kayar ba a firgita shi. Kowace razana tana harba jini sama. Kana zaunar da shi gaban abin da kai kanka kake ihu a kai, sannan kana sa shi tafiya ba sanda, ba mai riƙe shi, a falon da ke cike da wayoyi da talabijin ɗin mutane. In ya faɗi ya karya ƙugu, ko ciwon ya sake dawowa, wa za a tambaya? Kai gyaran rediyo ka koya. Mutum ba rediyo ba ne da za a bubbuga shi ya kama tasha.

A daina kallon nan daga ranar da takardar nan ta iso. A daina wasan gawa. A koma kan shafi na huɗu, in ba shi ne ke ƙarƙashin tebur ba.

Na gode da ɗawainiyar da kake yi da mahaifina. Na ji an yi maka ƙarin girma a gaban baƙi, ina taya ka murna. Amma dai 'ya ɗaya ya haifa, kuma tana da rai.

Auta

Yaya,

Lafiya kuwa? Sati biyar ke nan ba wasiƙa. Kullum sai na leƙa akwatin saƙonni na ƙofar asibiti, har mai gadi ya soma yi min dariya. Na kira wayarka sau biyu, ka ce min "lafiya lau, ina da mutane a gaba" ka kashe.

Na gane. An yi fushi da mai hana ruwa gudu, an ci gaba da kallo, an daina ba ta labari. Ku sha dariyarku, kai da babanka. Amma ko layi biyu ne ka rubuto min yadda jikinsa yake, wannan haƙƙina ne.

Auta

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki. Yara lafiya, Maman yara lafiya. Kawu ba zan ce lafiya ba, ba zan ce babu ba.

Ba fushi na yi ba. Rasa abin rubutawa na yi. Kin ce an ci gaba da kallo. Ba a ci gaba ba. Ranar da waccan wasiƙar taki ta hana kallo ta zo na so in tsallake wasu wurare, amma kin san ba a yi wa Kawu haka da takarda, yana bin layi da ido yana ƙirga inda na kai. Na karanta masa tas. Can ya ce, "Likita ce. Kashe." Da bakinsa ya ba da umarnin, ba ni ba. Na tattara faifan na sa a kwali.

Tun ranar bai sake takawa ba. A da har ya kai taki goma sha ɗaya, yanzu ko zuwa banɗaki sai na ɗauke shi ɗauka. Ya mai da kujerarsa ta kalli bango. Na ciro takardunki daga ƙarƙashin tebur na goge su da dutsen guga na sake liƙawa, na tsaya a gabansa ina ɗaga gwiwa kamar soja. Ya kalli zanen ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau." Na duba, gaskiyarsa. Ɗan mutumin naki a miƙe yake sak, har murmushi kika zana masa.

Wata rana na daure na tambaye shi abin da yake so a wurin gawawwakin nan. Ya daɗe yana haɗa maganar. Ya ce, "Ba mai ce musu sannu." Sai a lokacin na lura. Duk wanda ya shigo falon nan, sannu Baba, sannu da jiki, Allah sarki. Ni ma haka, ke ma haka. Su kuwa waɗancan suna jan ƙafa, baki a karkace kamar nasa, amma gari guda ake gudu saboda su.

Maganar jini kuma, na'urar awo da kika bar mana ina amfani da ita safe da yamma, ina rubutawa a bayan kalanda. Na kwafo miki a takardar da ke ciki. Na lokacin kallo da na yanzu duk ɗaya ne, ni dai a idona. Ke kika san karatunsu.

Auta, ni mai gyaran rediyo ne, kin faɗi gaskiya. In don jininsa kika hana, na bi, ko shekara za a yi. In kuwa don wani abu ne daban, ki faɗa min, mu biyu mu san yadda za mu yi da shi, kada mu bar tsohon nan yana kallon bango. Tsohon da ya tambaya ko ni ɗansa ne, in da ya tsaya jiran Kawu ya ce "ɗan ƙanwata ne", da har yanzu yana tsaye a falon. Gyaɗa kai ya fi sauƙi. Na sani, amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ga faifai ɗaya na saka miki. Ki kalla ki yanke hukunci da idonki.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka gaisuwar mai jin kunya. Jikina lafiya. A gaida Maman yara.

Na duba awon. Babu abin da ya motsa, jininsa yana zaune lafiya tun farko. Maganar riƙe shi da kwashe wayoyi daga hanya gaskiya ce, tana nan. Sauran kuwa rigar asibiti na ɗauko na lulluɓe haushina da ita. Kishi ne, Yaya. Kishinka nake yi. Ina nan ina koya wa iyayen wasu tafiya daga safe har yamma, nawa uban yana can yana takawa zuwa wurin wani. Ka samu dariyarsa, ka samu takinsa na farko, ka samu hannunsa a kafaɗa, ni kuma aka sa ni ƙarƙashin tebur. Da na karanta taki bakwai, maimakon in yi murna sai na ji kamar an ƙwace min abu. Na ci sati biyar daga ƙafar mahaifina saboda wannan. Na san abin da sati biyar ke nufi ga irin wannan ƙafa, na fi kowa sani, shi ya sa jiya na kasa cin abinci.

Faifanka na kalle shi ranar hutuna da safe, labule a buɗe, da littafi da biro a cinya, niyyata in rubuta duk wurin da zai iya kashe mai hawan jini in aiko maka. Minti goma da farawa wata gawa ta leƙo ta tagar mota, na watsa shayi a kan zanin gado. Ina cikin gogewa sai ga su sun yi layi a ƙofar wani kanti, suna tura ƙofar da ja ake yi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya bugi goshi ya koma baya. Na yi dariya har maƙwabciyata ta buga bango. Rabon da in yi irin wannan tun kafin a kira ni a ce Baba ya faɗi. Tun ranar nake ɗauke da tsoro a ciki, ban taɓa samun inda zan yi ihu ba sai gaban wannan shirmen.

Na sake kallo karo na biyu, wannan karon da idon aiki. Ka ɗauko biro. Yawancin gawawwakin nan tafiyarsu ba ta da kyau. Suna wurga ƙafa ta gefe daga ƙugu, in Baba ya saba da haka zai yi wuyar bari. Amma akwai guda ɗaya, mai farar hular masu dafa abinci, wanda ke fitowa daga kicin ɗin otal riƙe da ludayi. Ka lura da shi. Yana ɗaga gwiwa, ya sauke diddige, sannan yatsu. Shafi na huɗu ke nan sak, ba murmushi. Ko waye ya yi wannan wasan, na rantse ya taɓa jinyar mai irin ciwon.

Don haka ga umarnin likita, na gaskiya wannan karon. A fito da kwalin, ga faifanka ma na mayar maka a cikin wannan. A nuna wa Baba mai ludayi, a ce shi zai kwaikwaya. A naɗe darduma, a kwashe wayoyi. Maman yara ta riƙa tafiya ta damansa ba tare da ta taɓa shi ba, kai kuma ka ci gaba da zama abinci. Takarduna a mai da su ƙarƙashin tebur, can suka fi aiki.

Ka karanta masa duka, har wurin da na ce kishi. Kada ka tsallake, ai ba zai bari ba. Ka ce na tuba.

Dogon hutuna sai nan da wata biyu. Kuma kada ka ɗauka na huce, har yanzu ina jin haushinka, kaɗan.

Ƙanwarka,
Auta

Likita,

Gaisuwa a tsaye, ina da talabijin uku a buɗe. Kowa lafiya.

Na karanta masa. Da na zo wurin kishi ya sa na maimaita, sau biyu. Sannan ya nuna kwali. Satin farko da ƙyar, taki biyu ya zauna yana haki, ni kaina na karaya. Yanzu sati uku, ba zan faɗa miki lissafin ba, an hana ni. Ludayin Maman yara dai ya bar kicin, sai ta roƙa ake ba ta aro.

Ambulan ɗin da ke cikin wannan nasa ne. Kwana huɗu yana rubutawa, ya yaga takarda ta fi goma. Na ce in riƙe masa hannu, ya yi min gurnani. Shi ya liƙe da kansa, ban san abin da ke ciki ba. Kin ga ni ma yau na ɗanɗana irin kishin naki.

Yayanki

Auta,

Ina lafiya. Hannun dama ne wannan.

Mai ludayi ya iya. Na fi shi. Taki ashirin da uku, har ƙofa.

Yayanki ba ya gudu da gaske. Tausayi yake ji. Tsayawa yake in kama shi.

Ke ba za ki tsaya ba. Na san ki.

Ki zo. Kada ki ce min sannu. Ki yi gudu.

Ki zo da kunnen hagu.

Babanki